Yadda Ɗan'aikena Ya Kusa Hana Mutanen Kutama Taki

Jiya da yamma na ji ɗayanku yana cewa aikin shagon nan ai danne-danne ne kawai, ko akuya aka ɗaure a gaban kwamfuta za ta iya shi a mako guda. Ban tanka ba, domin lokacin ina cin ƙosai, kuma ni ba na gardama da abinci a baki. Yau na riga na ci. Saboda haka ku ja bencin nan ku zauna, ku kife wayoyinku, in ba ku labarin danne-danne.

Sunana Isyaku, amma in ka shigo Gwarzo ka ce kana neman Isyaku, za a tambaye ka wanne daga ciki. Ka ce Malam Danna, ko mai sayar da rake zai nuna maka ƙofar nan. Ni da tafireta na fara, a gindin wata darbejiya kusa da kotu, a hannun marigayi Malam Ɗanjuma. Wata shida na yi ban buga harafi ko ɗaya ba. Aikina canza ribon ɗin tawada, da goge haƙoran injin da tsohon buroshi, da korar awaki daga kwalin takardu. Da ya fara ba ni bugu, in na yi kuskure ɗaya sai ya yage takardar a gaban mai ita, ya ce in sake daga bisimilla. A lokacin babu maɓallin gogewa. Ku da kuka tashi kuka tarar da shi ba ku san irin ni'imar da kuke ciki ba.

Da kwamfuta ta shigo gari, tafireta ta koma lungu. Ga ta can, a kanta nake ajiye hulata. Na kama shagon nan, na sayi kwamfuta 'yar gwanjo, da firinta, da ƙaramin janareta wanda sai ya yi tari sau uku kafin ya tashi. Aiki ya koma cike wa mutane fom a intanet. Mafi wahala a ciki shi ne na wata ƙungiyar manoma da ke raba takin zamani mai sauƙi a farkon damina, domin shafinsu ba ya yarda da mutum kai tsaye.

Bari in faɗa muku yadda abin yake, tun da kun ce ba wuya. Ka cike sunan manomi, da mazaɓarsa, da girman gonarsa. Sai shafin ya ce, ni ban san wannan mutum ba, ya je wajen masu imel ɗinsa su shaide shi. Burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ta ɗauke ka ta kai ka can. A rubuta adireshin imel. A rubuta kalmar sirri. Su aiko da lamba a wayar mutum, a kwafa ta kafin ta mutu, don minti kaɗan take yi. Sannan a kawo tambaya ta ƙarshe: shafin ƙungiya yana neman sunanka da lambar wayarka, mu ba shi? Maɓalli biyu ne a ƙasa, ɗaya Na yarda, ɗaya Ban yarda ba. In ka yarda, sai a mayar da kai shafin ƙungiya da wani dogon rubutu manne a jelar adireshi. Wannan rubutun shi ne tikitinka. Da shi ake sa sunanka a jerin masu taki. In babu shi, ko da ka cike fom da ruwan zinariya, ba a san da kai ba.

Wanda ya fara nuna mini cewa sana'ar nan za ta iya tsufar da mutum shi ne Alhaji Garba na Kutama, mai shanu da gona, mai muryar da ko sirri zai yi maka sai na bayan katanga ya ji. Muka zo kan kalmar sirri, na ce, "Alhaji, matso ka raɗa mini a kunne."

Ya ce, "Raɗa kuma? Ai sunan bijimina ne, Ɗanja!"

Mai shayi da ke tsallaken titi ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ba shi ka sayar bara ba?"

Muka wuce wannan. Aka zo kan lamba. Ashe lambar wayar da aka buɗe masa imel da ita ta yayansa ce, tsoho mai ciwon ƙafa da ke zaune a ƙauye. Alhaji ya kira shi. "Yaya, ina wuni? Ina gajiya? Ya iyali? Ya ƙafar taka? An samu maganin kuwa? Saniyar nan ta haihu?"

Na ce, "Alhaji, lambar za ta mutu."

Ya ɗaga mini hannu. "Malam, yayana ne fa."

Kafin tsohon ya gama amsawa, ya cire wayar daga kunne, ya lalubo saƙon, lamba ta mutu. Aka aiko wata. Alhaji ya sake kira, kuma ya sake gaisuwa daga farko, domin a cewarsa ba a faɗa wa babba magana haka gatsau. Sai a karo na uku muka samu shiga. Mutum ɗaya ke nan, ya cinye mini tsakanin azahar da la'asar, ga layi har bakin kwata.

A ƙarshen wannan daminar wuyan hannuna na dama ya kumbura saboda riƙon linzamin kwamfuta. Wani malamin makaranta ya gan ni ina shafa man zafi, ya ce in je Kabo in ga Malama Bilki. Ta yi shekaru a Kano tana rubuta wa kamfanoni manhaja, daga baya ta dawo gida tana koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata. Ran Asabar na hau mota na je. Na same ta a ɗakin kwamfuta, mace mai tabarau da ƙaramar murya, wadda ba ta taɓa yin sauri a magana. Na kwashe bayani na yi mata.

Ta ce, "Baba Isyaku, duk abin da hannunka ke yi iri ɗaya sau ɗari, ana iya rubuta wa kwamfuta ta yi shi. Za ka iya zaman koyo?"

Na ce, "Malama, na yi wata shida ina goge haƙoran tafireta."

Rani guda na yi ina zuwa Kabo duk Asabar, da gemuna fari, ina zama a kan kujerar 'yan aji ɗaya, gwiwoyina suna taɓa tebur. Ta koya mini rubuta umarni layi-layi: buɗe burauza, share sawun wanda ya gabata don kada na biyu ya shiga da sunan na farko, je shafi kaza, nemi gurbi kaza, zuba rubutu kaza, jira. Kalmar nan ta jira ita ta fi ba ni wuya. Ni sai in rubuta a ƙirga daƙiƙa biyar a danna. Ta ce, "Da sabis ɗin Gwarzo? Wata rana shafin zai zo a daƙiƙa biyu, wata rana sai ka je ka yi alwala ka dawo. Ce masa ya jira har ya ga abin da idonsa." Ranar da na manta alamar rufe baka guda ɗaya, muka yi awa biyu muna nema, ta san inda take, ta ƙi faɗa mini, tana ta cin gyaɗarta.

Ranar da abin ya fara aiki, na zauna na naɗe hannu ina kallon burauza tana buɗe kanta, rubutu yana zuba a gurabe ba wanda ya taɓa komai. Na miƙe tsaye ban sani ba, kujerar ta biyo ni manne a ƙuguna. Na raɗa wa manhajar suna Ɗan'aike.

Kafin in tafi Malama ta ce, "Ka ji ni da kyau, Baba. Maɓalli da sunansa ake nemansa, ba da inda yake zaune ba, domin masu shafi suna iya sauya masa wuri ba su gaya maka ba. Kada ya ce ya gama sai ya ga tikiti. Kuma akwai wuraren da ba nasa ba ne. Kalmar sirri ta mai ita ce, kada ya adana ta. Lambar waya ta mai ita ce. Yarda ma ta mai ita ce. In ya zo nan ya tsaya, mutum ya sa hannunsa."

Na ce, "In sha Allahu."

Akwai wani wuri na huɗu da ba ta ambata ba, limamin unguwarmu ne ya yanke hukuncinsa. Wani lokaci kafin a shiga, shafin imel yakan fito da ɗan akwati a ce ka danna don tabbatar da cewa kai ba inji ba ne. Ranar nan Liman ya zo rajista, ya ga Ɗan'aike ya tsaya a nan, ya tambaye ni me aka ce. Na fassara masa. Na ƙara da cewa ina tunanin koya wa Ɗan'aike ya riƙa dannawa da kansa.

Liman ya gyara zama. "Shi wannan ɗin mene ne?"

"Inji ne, Allah gafarta Malam."

"Kuma zai ce shi ba inji ba ne?"

"Haka ne."

"To ai shaidar zur ke nan, Malam Isyaku. Kuma ka sani ba a rubuta wa ƙarfe zunubi. Mai ƙarfen ake rubuta wa."

Daga ranar na bar wa mutane wannan akwatin. Wanda kawai ya ba ni matsala a kai Alhaji Garba ne, da na ce ya danna ya tabbatar shi ba inji ba ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi da ya aurar da 'ya'ya shida, yau wani allo ne zai tuhume shi? Sai da mai shayi ya tsallako ya ba shi haƙuri.

Damina biyu Ɗan'aike yana aiki lafiya. Hannuna ya warke. Suna ya tafi har ƙauyuka cewa akwai wani mutum a Gwarzo da kwamfutarsa ke aiki shi yana shan shayi. A nan kaina ya fara girma.

Shekarar da nake son ba ku labari, ruwa ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka, sai ƙungiya ta ce rajistar taki kwana uku kacal za a yi, a rufe ran Laraba da ƙarfe huɗu. Tun jajibiri na san za a yi cunkoso, sai na zauna da rana tsaka ran Lahadi na ce bari in ƙara wa Ɗan'aike gudu. Abin da ke cin lokaci shi ne tambayar yarda. Kowa sai ya tsaya ya ce, "Me zan yarda da shi? Ba gonata za su karɓe ba?" Na ce to, Ɗan'aike ya riƙa dannawa. Na gwada, sai ya riƙa ɓacewa, domin shafin wani yakan zo da Turanci, na wani da Hausa, sunan maɓallin ba ɗaya ba. Maimakon in koya masa sunayen biyu, aikin da bai fi layi uku ba, sai na ce ai shekara biyu ina kallo, Na yarda kullum a dama yake. Na rubuta masa: danna na dama. Sannan na ga duba tikiti ma ɓata lokaci ne. Na ce da zarar burauza ta dawo shafin ƙungiya, ya buga 'yar takarda mai ɗauke da sunan mutum da kalmomi biyu manya: AN GAMA.

Abin da ban sani ba, masu imel sun yi wa shafinsu kwaskwarima a wannan satin. Na yarda ya koma hagu. Kuma ko ka yarda ko ba ka yarda ba, duk shafin ƙungiya ake mayar da kai. Bambancin yana can a jelar adireshi, inda na ce kada a duba.

Ran Litinin mutanen Kutama suka zo da yawa, sun fi talatin, Alhaji Garba a gaba. Na fito bakin ƙofa na ɗaga murya na ce, "Jama'a, kun yarda a ba ƙungiya sunayenku da lambobinku?" Suka ce, "Mun yarda!" Na ce shi ke nan, an gama da wannan. Aiki ya riƙa tafiya kamar ruwa a kwata. Mutum ya sa kalmar sirri, a kwafi lamba, kafin ka ƙifta ido shafin yarda ya zo ya wuce, firinta ta tofo takarda. Ni ina gefe ina karɓar yabo. Alhaji ya riƙe takardarsa ya ce, "Kai, Malam Danna, wannan abin naka ya fi mutum hankali." Na ce, "Alhaji, ai wanda ya koya masa ne."

Mutum ɗaya ce ta ƙi. Goggo Asabe, dattijuwa mai gonar masara a bayan gidanta, wadda ta yi ajin yaƙi da jahilci kuma ba ta bari a manta da hakan. Kalmar sirrinta a rubuce take a 'yar takarda, ɗaure a bakin zane. Ta ce, "Ni ban ce komai ba lokacin da kuke ihu. Ba wanda zai yarda a madadina. Ko ranar ɗaurin aurena sai da aka aiko aka tambaye ni." Na ga gardama da ita za ta fi cin lokaci, sai na dakatar da Ɗan'aike na miƙa mata linzami. Daidai nan janareta ya fara shaƙewa, na fita da gudu in ƙara masa mai. Kafin in dawo ta karanta abinta harafi-harafi ta danna, tana ɗaure takardarta.

Ran Laraba da hantsi ina share shago sai na ji ƙarar babura. Suka tsaya a ƙofa, babu wanda ya yi dariya. Alhaji Garba ya sauko. Abin da ya fara tsorata ni shi ne gaisuwarsa ba ta wuce kalma huɗu ba. Ya ce sakataren ƙungiya ya manna sunayen waɗanda suka shiga a bangon makaranta da safe. A duk mutanen da suka zo shagona, suna ɗaya ne ya fito. Asabe.

Ya ɗaga 'yar takardar nan ya ce, "Malam, nan an rubuta an gama. Mu aka gama da mu, ko me?"

Na shiga na buɗe inda Ɗan'aike ke ajiye adireshin da ya bi. Layi bayan layi, babu tikiti ko ɗaya. Kowanne a jelarsa an rubuta da Turanci cewa mai imel ya ƙi. Mutum talatin da wani abu sun taso daga ƙauye, sun bar aikin gona, sun zo sun zauna a gabana, injina ya ce a madadinsu ba sa so, ni kuma na sallame su da murmushi. Ga masara ta fito tana jiran taki, wanda ya rasa na ƙungiya kuwa da yawansu ba za su iya na kasuwa ba.

Na kira Malama Bilki. Ban gama bayani ba ta ce, "Baba Isyaku, da suna ka ce ya nema, ko da wuri?"

Na ce, "Da wuri."

"Tikiti fa, ya duba?"

Na ce, "Bai duba ba."

"Wa ya danna yardar?"

Na ce, "Malama, ƙarfe huɗu ake rufewa."

Na ji ta ajiye numfashi, kuma na rantse na ji kamar tana danne dariya. Ta ce, "Mayar da layukan da ka cire. Kana da tsohon kwafi, na sa ka ajiye. Faɗa kuma sai Asabar, ka zo da kunnenka."

Gyaran bai ɗauki minti goma ba. Matsalar mutane ce. Waɗanda suka zo ba su kai goma ba, saura suna gona da wayoyinsu a Kutama. Na yi wa na gabana nan take, kowa ya danna da yatsansa, na ga tikiti da idona. Sannan na cusa laftof a jaka, na hau bayan babur ɗin Alhaji. A hanya duk ramin da ya gani sai ya shiga.

A Kutama sabis mai ƙarfi a wuri ɗaya yake, kan wani ɗan tudu a bayan makarantar firamare. Aka kifa turmi aka ɗora laftof. Aka tura masu babura gonaki su kwaso mutane. Suka riƙa zuwa da laka har gwiwa, wasu da fartanya a kafaɗa. Alhaji ya tsaya a kan tudun ya yi shela da muryar nan tasa: "Jama'a, yau babu gaisuwa! Wanda ya zo ya faɗi sunansa ya zauna!" Wani tsoho ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa zama kusa da mutum bai gaishe shi ba. Alhaji ya ce, "Baba, rubuta bashi, gobe na zo har gida ka gaishe ni." Yayansa ma da aka ɗauko a amalanke saboda ƙafa, Alhaji ya karɓe wayar daga hannunsa ba ko sannu, tsohon ya bi shi da kallo baki buɗe.

Goggo Asabe ta zo kallo, ta shimfiɗa tabarmarta a inuwa. Na ce, "Goggo, ranar nan ba ki ga maɓallin ya koma hagu ba?"

Ta ce, "Na gani mana. Na ɗauka ka sani. Ai kai ne malamin."

Ta naɗa kanta mai karatu. Duk wanda ya zauna sai ta leƙo ta ce, "Wannan ne Na yarda. Ka yarda? To danna." Manoma masu yatsu kamar turaku suna taɓa laftof ɗina, ina jin kowane danni a haƙarƙarina. Wajen ƙarfe biyu batir ya fara ja, aka ɗauko janaretan mai cajin waya a ka. Hadari ya haɗo daga gabas, mutum biyu suka riƙe mini buhu a sama kamar rumfa. Haka muka yi ta yi, Ɗan'aike yana cike fom yana tsayawa inda ya kamata ya tsaya, mutane suna sa hannunsu, ni ina duba jelar adireshi kamar mai duba ƙwai.

Saura kwata huɗu ta cika, mutum ɗaya ya rage: Malam Hudu, siririn mutum marar hayaniya, wanda tun ɗazu yake barin wasu suna wuce shi. Ya sa kalmar sirri. Aka ce an aika lamba. Na ce, "Malam, wayar fa?"

Ya ce, "Ai maiɗakina ta tafi da ita bikin suna a Masanawa."

Aka kira, a kashe. Aka kira maƙwabcin gidan sunan, ya ce yana kasuwa. Aka kira wata 'yar'uwarta, ta ɗauka, amma kiɗan ƙwarya bai bari ta ji komai ba, sai cewa take, "Lafiya lau, yaron sunansa Abubakar!" Ina kallon agogo har shafin ya sauya, aka rubuta an rufe. Bayan kamar minti biyar wayar Alhaji ta yi ƙara. Matar Malam Hudu ce, cike da fara'a, ta ce ta ga saƙo, a kawo abin rubutu. Ta karanto lambar nan tsaf, har sau biyu, don kada a yi kuskure. Malam Hudu ya ce mata, "Madalla, Allah ya raya," ya miƙa wayar. Ya ɗauki fartanyarsa ya sauka daga tudun, ruwa ya fara sauka.

Ni ma manomi ne, ina da 'yar gona a Unguwar Tudu, a bakin hanya. Tawa rajistar na yi ta tun safiyar Litinin da hannuna, kafin in kunna Ɗan'aike, na danna Na yarda ban ma lura ya sauya wuri ba, don haka sunana ya fito. Ranar da aka raba taki na ɗora nawa a amalanke na kai ƙofar gidan Malam Hudu. Ya ce ba zai karɓa ba, ƙaddara ce. Na ce ƙaddarar nan ni na rubuta ta da hannuna ran Lahadi, layi biyu ce. Muka yi ta ja har Alhaji Garba ya zo ya sauke buhunan da kansa, ya ce duk wanda ya ƙara magana shi zai kwashe.

Faɗan Malama Bilki kuwa na sha shi ran Asabar, a kan kujerar nan ta 'yan aji ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa na karanta layukan da na rubuta da ƙarfi, sau uku, a gaban mai gadin makaranta.

Masarata a shekarar nan ba ta wuce ƙuguna ba. Ganyen ya yi rawaya, zangarniyar kamar yatsan jariri, kuma da yake gonar a bakin hanya take, duk wanda zai shiga Gwarzo sai ya rage gudu ya kalla. Wata safiya kusa da kaka ina tsaye a ciki ina tunanin ko in bar wa awaki, sai ga Malam Hudu a kan keke, da buhu biyu na sabuwar masara ɗaure a baya, kowace zangarniya kamar damtsen mutum. Ya jingine keken, ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, har da tambayar lafiyar janareta. Ya kwance buhunan ya ajiye a bakin kunya, ya ce na yara ne. Sannan ya shiga gonar, ya kama wani ganye ya juya shi, ya girgiza kai kamar likita.

Ya ce, "Malam, gonar nan taki take so."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Baɗi ka daure ka yi rajista da wuri. Akwai wani mutum a cikin gari, kusa da mai shayi, yana yi wa mutane. In ka je ka ce ni na turo ka. Sai dai ka danna da kanka."

Ya hau kekensa ya tafi, ko murmushi bai yi ba.